Rawaya ko fara? Yadda launi ke riƙe kuɗin motar gudu ta hannu, ko ya zubar da su

Duk macen da ta taɓa kasa atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ta san cewa turmi biyu kan fito daga masaƙa guda, zarensu guda, tsawonsu guda, amma ɗaya ya tashi tun kafin azahar, ɗayan kuwa ya share wata uku a shago har sai an karya masa kuɗi. Ba abin da ya raba su sai launi. Masu harkar fata sun san darajar jar akuyar Maraɗi, masu albasa kuma sun san abin da launin ƴar Galmi yake yi wa mai saye tun daga nesa. To, a kasuwar mota ma haka abin yake, sai dai a can ratar ba ta jika biyu ko uku ba ce, ta miliyoyi ce. Kuma babu inda abin ya fi fitowa fili kamar wajen motocin gudu.

Motar gudu ita ce wadda masu jin faransanci ke ce wa “spor”: gajeriya, cikinta kusa da ƙasa, yawanci ƙofa biyu da kujera biyu, ga babban inji. Ferrari da Lamborghini na Italiya, Porsche ta Jamus, Corvette da Mustang na Amurka, duk ƴan gidan ne. Ba ta ɗaukar buhun hatsi, ba ta ɗaukar iyali, ba ta jure rami. Ainihin kasuwarta tana Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa masu mai. Mu nan jefi-jefi ne ake ganin Mustang ko Camaro ta gifta bisa titin Yamai. Amma tun da daga can ne motocin hannu suke zo muna, kuma ƴan kasuwarmu na ta zuba jari a harkar, ya kamata a san dokar da ke tafiyar da farashi a can, a kuma san inda take aiki a nan da inda take juyewa.

Abin da lissafi ya nuna

Akwai wani kamfani a Amurka mai suna iSeeCars da ke tattara tallace-tallacen motocin hannu, yana kwatanta kuɗin mota ranar da ta fito sabuwa da kuɗinta bayan shekara uku a hannu. A rahotonsa na 2023, mota kan yi asarar kashi 22 da rabi cikin 100 na kuɗinta a cikin waɗannan shekaru uku, idan an haɗa dukan launuka. Rawaya kuwa, wato mai ruwan ɗorawa, kashi 13 da rabi kawai ta zubar. Mai ruwan lemo da tsanwa da ja duk sun fi matsakaici riƙe kuɗi. Baƙa da mai ruwan ƙasa suna can ƙasa, ta ƙarshe kuma ita ce mai ruwan zinariya, wadda ta zubar da kusan kashi 26.

Bari mu mai da shi kuɗinmu, don a ji nauyinsa. A ce mota ce ta miliyon 30 na sefa tana sabuwa. Bayan shekara uku, rawaya ta rage miliyon 4 da jika 50. Ta matsakaici ta rage miliyon 6 da jika 750. Mai ruwan zinariya ta rage kusan miliyon 7 da jika 800. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ke nan akwai wajen miliyon 3 da jika 700, jarin shago sukutum.

Ba sau ɗaya aka ga haka ba. A rahoton 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki bayan cutar korona ya rage fitar sababbin motoci har na hannu suka yi tsadar da ba a saba gani ba, matsakaicin asara kashi 15 ne, ta rawaya kuma kashi 4 da rabi. A na 2025 kasuwa ta huce, matsakaici ya hau kashi 31, amma dai rawaya ce a gaba da kashi 24, mai ruwan lemo na bin ta, mai ruwan zinariya na ƙarshe. Alƙaluma na hawa suna sauka, ta gaba dai ba ta sake ba.

Dalili na farko kowace mai tebur ta san shi: abin da ya yi ƙaranci alhali akwai masu nema, shi ke tsada. Kamfanin fenti na Axalta, da ke fidda ƙidayar launin motocin duniya kowace shekara, ya nuna tun 2011 fari ne ke kan gaba, kusan mota ɗaya cikin uku. Idan aka haɗa fari da baƙi da toka-toka da ruwan azurfa, sun kwashe kusan huɗu cikin biyar na sababbin motoci. Rawaya kuwa ƴar ƙalilan ce. Mai neman farar mota yana da zaɓi ɗari, in wannan ya ƙi ragi sai ya wuce gaba. Mai neman rawaya wataƙila uku ya samu a duk yankinsu, dole ya bi abin da mai ita ya yanka.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hankali, domin lissafi ma yana da yaudara. Ba kowace irin mota ake shafa wa rawaya ba. Yawanci motocin gudu ne da waɗanda ake ƙerawa kaɗan, su kuwa dama can ba su saurin faɗuwa. Porsche 911 ko wane launi gare ta tana cikin motocin da suka fi riƙe kuɗi a Amurka. Wato wani ɓangare na wancan miliyon 3 da jika 700 ba na fenti ba ne, na irin motar ne. Wanda ya ɗauki tsohuwar Corolla ya kai gareji aka mai da ta rawaya yana jiran riba, ya sayi fenti ne kawai, ya kuma sayo wa kansa dariyar dillalai.

Me ya sa motar gudu ta bambanta?

Mai sayen motar aiki yana tambayar mai nawa take sha, ana samun kayan gyaranta, kaya nawa take ɗauka. Mai sayen motar gudu ba wannan ne a ransa ba. Shi so yake a waiga. Kamar mace ce da ta tafi neman shaddar biki, ba ta aikin gida ba: ba za ta ɗauki launin da kowa ke sanye da shi ba. Saboda haka launi mai kuwwa, wanda zai kori mai saye daga motar iyali, shi ne ke jawo shi ga motar gudu.

Abin yana da tushe a tarihi. A farkon tseren motoci tsakanin ƙasashe, tun gasar Gordon Bennett da aka fara a 1900, kowace ƙasa da launinta don ƴan kallo su gane ta cikin ƙura. Faransa shuɗi, Beljiyam rawaya, Jamus fari. Daga baya Ingila ta riƙe tsanwa, Italiya ta riƙe ja, Jamusawa kuma suka koma ruwan azurfa daga 1934. Daga nan ne jar Ferrari ta samo asali. A farkon shekarun 1990, kusan kashi 85 cikin 100 na motocin da Ferrari ke ƙerawa jajaye ne. Har dillalan Ingila da Amurka suka yi wa ja laƙabin launin sayarwa, kuma an yi zamanin da ake ɗaukar tsohuwar Ferrari shuɗiya ko mai ruwan toka a mai da ta ja don ta tashi da wuri.

Yanzu kuwa reshe ya juye da mujiya. Jajayen da Ferrari ke fitarwa sun koma ƙasa da rabi, masu tara tsofaffin motoci kuma suna neman wadda ke nan da launin da aka haife ta da shi. Wadanda aka mai da ja a shekarun baya, yanzu ana biyan kuɗi masu yawa a kankare jan a mayar musu da na asali, bayan an binciko shi a kundin kamfani. An biya kuɗin fenti sau biyu ke nan don a dawo inda aka taso.

A Amurka ma an ga irin haka. Wajen 1970 kamfanin Dodge ya fitar da Challenger da wasu launuka masu ɗaukar ido, ciki har da wani shunayya mai suna Plum Crazy. Yau waɗanda suka fito da shi daga masana'anta suna cikin abin da masu tarawa suka fi nema. Camaro rawaya mai baƙin zane kuwa fim ɗin Transformers na 2007 ne ya fito da ita, har yaran da suka kalle shi suka girma suna son ta. An daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Camaro ma ta tsaya a wannan tsakanin, saboda haka waɗanda ke hannu su ke nan, sai dai su ragu.

Porsche ta gane cewa wannan sha'awa hanyar kuɗi ce. Tana da tsari na musamman inda mai saye ke zaɓar launi daga cikin fiye da ɗari da ba su cikin jerin kowa da kowa, ya biya ƙari da ya haura dala 10.000. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Abin ya tasam ma miliyon 6 na sefa a kan fenti kaɗai. Kuma irin waɗannan motoci, idan suka fito kasuwar hannu, launin ne farkon abin da ake rubutawa a talla.

Amma can ƙololuwa, inda kuɗi suka wuce hankali, launi ba ya yanke hukunci. A watan Agusta 2018 an sayar da wata jar Ferrari 250 GTO ta 1962 a gwanjon Monterey, jihar Kaliforniya, a kan dalar Amurka miliyon 48 da ɗoriya. A watan Mayu 2022 kuma aka sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955, mai ruwan azurfa, a kan yuro miliyon 135, wato fiye da miliyar 88 na sefa. Ruwan azurfa na cikin launukan da ke saurin faɗuwa a lissafin da muka gani, to amma ita wannan biyu rak aka ƙera irinta.

Fentin asali ya fi kowane launi

Ga inda maganar ta fi shafar aljihun ɗan kasuwarmu. A masana'anta, ana tsoma gangar jikin mota ne tsirara cikin ruwan maganin tsatsa, a bi da shimfiɗa ta farko, sannan launi, sannan wani mai sheƙi mara launi da ke kare na ƙasa daga rana. Ana gasa su a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun ba a sa kujeru da wayoyi da robobi ba. Duka kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Babu garejin da zai iya maimaita wannan, ko a Jamus, domin motar da aka gama haɗawa ba ta jure wannan zafi. Ɗakin fenti mai kyau wajen digiri 60 yake tsayawa. Balle fentin da aka fesa a fili, iskar hunturu na kaɗo ƙura.

Shi ya sa mai sayen motar gudu a Turai ko Amurka yake zuwa da ƴar na'urar awon kaurin fenti, ya bi ƙofa ƙofa yana dangwalawa. Da ya ga wani wuri ya ninka sauran kauri, ya san an taɓa shi. Tambayar da ke biyo baya ita ce: me aka ɓoye? Motar gudu dama ta gudu ce, kuma mai gudu shi ke karo. Sabon fenti a jikinta, maimakon ya ƙara mata kuɗi, zargi yake jawowa. Motar da aka sake wa launi gaba ɗaya kuwa ta fi shan kashi, ko da aikin ya yi kyau.

Akwai kuma launukan da gyaransu ke da wuya. Fari ko ja mai ƙyallin lu'ulu'u, da ake shafawa hawa uku, da wuya a dace da shi idan ƙofa guda ta lalace. Da rana ta haska sai a ga ƙofar ta fita dabam. Fenti mara sheƙi, wanda matasa ke so yanzu, ba a goge shi da inji: ƙarce kaɗan, sai an sake fesa ɓangaren duka. Mai saye da ya san haka zai cire kuɗin wannan wahala daga tayinsa.

Idan ta iso nan fa?

Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyon 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Namu sun daɗe suna biyowa ta Kwatano su shigo ta Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyaka da Benin, kaya da yawa suka koma sauka a Lome suna ratsowa ta Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. Kafin nan, a farkon 2017, Nijeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa masu tura motoci ta Maraɗi da Ƙwanni. Duk wannan ma'anarsa guda: kuɗin mai shigo da mota suna daɗewa a hanya, ga na duwan, saboda haka ba shi da halin mota ta zo ta ƙara kwanciya a fili tana jiran mai so.

A nan ne dokar rawaya take juyewa. Ƙaranci ba ya tsada sai da masu nema. A Amurka, mai Corvette rawaya yana talla ne ga ƙasa mai mutane sama da miliyon 300, cikinsu ba a rasa masu sha'awa da kuɗi a hannu. A Tawa ko Damagaram, masu iya sayen motar gudu ana iya ƙirga su, masu son ta rawaya kuma wani yanki ne na waɗannan. In an dace da mutum guda da idonsa ya faɗa mata, zai biya ba ciniki mai tsawo. In ba a dace ba, sai ta shekara rana na cin ta. Ga shi kuma a garuruwanmu da an ce rawaya, adaidaita ce ke fara zuwa a rai. A ganina, wanda zai shigo da irin wannan mota gara ya samu mai ita tukuna, ya karɓi kafin alƙalami, sannan ya yi oda.

Motar aiki kuwa, fari da ruwan azurfa suna da hujjar da ta wuce al'ada. A 2011 masu bincike na cibiyar Berkeley a Kaliforniya sun ajiye Honda Civic biyu cikin rana, ɗaya baƙa ɗaya mai ruwan azurfa. Rufin mai ruwan azurfa ya fi na baƙar sanyi da har digiri 25, iskar cikinta kuma da digiri 5 zuwa 6. Wanda ya taɓa buɗe baƙar mota da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba ya bukatar a fassara masa. Ƙarin zafi ƙarin aiki ne ga na'urar sanyi, ƙarin aiki kuma ƙarin mai ne. Ƙurar hunturu da ƙananan ƙarce duk sun fi fitowa a jikin baƙa. Ja kuma, musamman na tsofaffin motoci da ba su da rufin sheƙi, ranarmu kan kodar da shi har ya koma fari-fari a rufi da murfin inji. Hajiyar da ta kwashi adashi za ta sayi motar kai kaya ko ta haya, da niyyar in ta matsu ta sayar, farar ce za ta fi samun mai tayi cikin mako.

Wanda kuma ransa ya biya sai launi mai kuwwa, akwai ledar mannawa da ake lulluɓe mota da ita. Idan an yi aikin da kyau ana iya ɓare ta ranar sayarwa, a tarar da fentin asali a ƙasa. Sai dai rana mai tsanani na rage mata kwana, kuma in ta daɗe ta ƙone ɓarewarta na iya tafiya da fenti.

Kafin a miƙa kuɗi

Kada a duba mota da dare ko ƙarƙashin fitila, kada kuma a duba ta jiƙe; ruwa na ɓoye aibi. A fito da ita rana, a tsaya daga gefe a kalli tsawon jikinta, a ga ko ƙofa da fiffike launinsu guda ne. Yawancin motoci suna da ƴar takarda ko faranti a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji, mai ɗauke da lambar launin da suka fito da shi. Mai sayar da fentin mota zai iya faɗa maka ko lambar ta dace da abin da ido ke gani. A ɗaga robar bakin ƙofa, a ɗaga shimfiɗar wurin kaya na baya, a leƙa cikin ɗakin inji: nan ne tsohon launi ke ɓuya, domin mai fesa ba kasafai yake kaiwa can ba. Ɗigon fenti a jikin roba ko gilashi ko kan ƙusa shaida ce.

Wanda ba shi da na'urar awo, ƙaramin maganaɗisu naɗe cikin ƙyalle ya isa. Inda ƙarfe yake lafiya zai kama, inda aka cika mastik zai saki. Amma a lura, wasu motocin gudu jikinsu ba baƙin ƙarfe ba ne: Corvette da wani irin roba mai zare ake yin jikinta tun 1953, wasu kuma da sanholo, maganaɗisu ba ya kama su ko suna lafiya.

Idan daga Amurka ta fito, akwai hanya mafi sauƙi. Kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, ɓangaren direba. Motoci da yawa da ke zuwa Afirka ta Yamma daga gwanjon kamfanonin inshora suke, bayan hatsari ko ambaliya, kuma ana ɗaukar hotunansu kafin a sayar. A sa yaro mai waya ya rubuta lambar a intanet. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo sukan fito, a ga motar da launin da ta bar Amurka da shi, da kuma gefen da ta bugu.